Gangamin Da Ba Ya Ƙarewa: Abin Da Ke Gajiyar Da Jikin Mai Ƙanjamau

'Yan'uwa manoma, akwai tambayar da takan taso duk inda aka ta da zancen ƙanjamau. Me ya sa mutum biyu za su ɗauki ƙwayar cuta iri ɗaya, ɗaya ya yi shekara 10 yana noma gonarsa ba wanda ya ga alama, ɗayan kuwa kafin damina 3 ya kwanta? Me ya sa kuma likita yakan matsa wa mutum ya fara shan magani alhali bai ji ciwon komai ba, har ya gargaɗe shi kada ya daina ko da ya ji garau? Masu binciken lafiya sun yi shekara 40 da ɗoriya suna bin diddigin waɗannan tambayoyi. Babban rabon amsar yana wurin wasu ƙananan 'yan aike da ke yawo cikin jinin kowannenmu. Amsa ce kuwa da manomi zai gane sarai, gama ta yi kama da abubuwan da muke gani a gona da cikin gari.

Inda muka tsaya a Jihar Katsina

An fara ba da labarin wannan cuta a Amurka a shekarar 1981. A 1983 masana a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris suka gano ƙwayar da ke kawo ta, wadda daga baya aka sa wa suna HIV. A Nijeriya an fara ba da rahotonta a 1986. Babban binciken da gwamnatin tarayya ta yi gida-gida a 2018 ya nuna cewa cikin 'yan ƙasa masu shekara 15 zuwa 49, kashi 1.4 cikin 100 suna ɗauke da ita. Idan aka haɗa manya da yara, an ƙiyasta wajen mutum miliyan 1.9. Jihar Katsina tana cikin waɗanda suka fi ƙaranci, da kashi 0.3, watau mutum 3 cikin 1,000.

Sai mu yi godiya, amma kada mu yi sake. A jiha mai miliyoyin jama'a, 3 cikin 1,000 dubbai ne. Inda cuta ba ta da yawa kuma, nan ne mai ita ya fi jin kunya, ya fi ɓoyewa, ya fi makara zuwa asibiti. Ga shi kuma da zarar an kai amfanin gona rumbu, samarinmu na Batsari, Ruma, Wagini, Safana, Runka da Zakka sukan tafi ci rani Kano, Abuja, Legas ko Fatakwal, su dawo da faɗuwar ruwa. Saboda haka zancen nan namu ne.

Masu tsaron jiki da 'yan aikensu

Cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta. Su ne ake kira garkuwar jiki. Iri-iri ne, kowanne da aikinsa: wasu suna haɗiye ƙwayar cuta, wasu suna kashe sashen jikin da cuta ta shiga, wasu suna ƙera makami. Akwai kuma iri ɗaya da likitoci ke kira CD4. Shi kamar mai unguwa ne: shi ke tara jama'a, ya raba aiki, ya ce wane ya bi nan, wane ya bi can. Mai lafiya yana da CD4 tsakanin 500 da 1,500 cikin ɗan ɗigon jinin da bai kai ƙwayar gero ba. Idan suka ragu ƙasa da 200, to, gari ya zama ba shugaba, kowace cuta sai ta shigo yadda ta ga dama. Wannan matakin ne ake kira ƙanjamau. Mutum yana iya ɗauke da HIV shekaru bai kai can ba, wanda ya riƙe magani kuwa yana iya ƙare rayuwarsa bai kai ba.

To, waɗannan ƙwayoyi ba su da baki, yaya suke magana da juna? Suna fitar da wasu ƙananan sinadarai ne su saka cikin jini, kowanne ɗauke da saƙo. Masana suna kiransu saitokin, mu kuwa bari mu ce da su 'yan aike. A 1957 aka gano na farko a Landan, mai suna intaferon, wanda saƙonsa shi ne a rufe ƙofa, baƙuwar cuta ta shigo. A 1976 aka gano wani a Amurka, intalukin na 2, mai gaya wa masu tsaro su hayayyafa. Yau waɗanda aka sani sun haura 100.

Dukanmu mun taɓa jin aikinsu a jikinmu. Idan ƙaya ta soki mutum a ƙafa, wurin ya kumbura, ya yi zafi, kaluluwa ta fito a matsematsi, 'yan aike ne suka buga gangami, masu tsaro suka taru. Zazzaɓi, kasala, ciwon gaɓoɓi da ƙin abinci lokacin rashin lafiya, yawancinsu umarnin 'yan aike uku ne: intalukin na 1, intalukin na 6, da wani da ake kira TNF. Akwai kuma masu sallama, irin su intalukin na 10, waɗanda idan yaƙi ya ƙare sukan ce kowa ya koma gida. Lafiya tana wurin daidaito: a buga gangami lokacin da ya kamata, a kuma yi shiru idan an gama.

Darasi daga shanu masu sammore

Duk wanda ya yi kiwo ya san sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa dabbobi. Saniya takan rame har haƙarƙarinta ya fito, ko da ga ciyawa a gabanta. A ƙarshen shekarun 1970 wani masani ɗan Amurka, Anthony Cerami, ya ga irin waɗannan shanu a Kenya. Abin da ya ba shi mamaki shi ne, ƙwayoyin cutar da ke cikin jininsu ba su kai yawan da za su cinye naman saniya haka ba. Sai ya yi zaton jikin dabbar ne da kansa yake fitar da wani abu mai ramar da ita. A 1985 shi da abokin aikinsa Bruce Beutler suka tsamo abin, sai ga shi TNF ne, wanda wasu masana suka riga suka gano a 1975.

Ku dubi sunan da Bahaushe ya ba wannan cuta tamu. Ƙanjamau daga ƙanjamewa ne, watau ramewa har mutum ya bushe. Mutanen Yuganda ma da ramar suka fara saninta. Gudawa, rashin ci da sauran cututtuka duk suna da hannu cikin wannan rama, amma TNF da 'yan'uwansa suna cikin masu hura ta. Ɗan aiken da aka yi domin ya ceci jiki, idan ya ƙi yin shiru, sai ya koma yana cin jikin.

Ƙofar da ɓarawo ya bi

Muguntar HIV ita ce mai unguwa take nema. Takan manne wa CD4, ta shiga cikinsa, ta mai da shi maƙerar da za ta ƙera irinta. Amma ba ta iya shiga sai ta ƙofa ta biyu. A ƙarshen 1995 masana a Amurka suka ga cewa wasu 'yan aike uku, daga cikin masu nuna wa masu tsaro hanyar zuwa wurin yaƙi, suna hana HIV shiga. A 1996 aka gane dalili. Akwai wata ƙofa a jikin CD4 mai suna CCR5, wadda aka yi domin karɓar saƙon waɗannan 'yan aike, ita ce ƙwayar cutar take bi. Idan ɗan aike yana tsaye a bakin ƙofa, ɓarawo ba ya samun wuri.

Wajen mutum 1 cikin 100 na Turawan arewacin Turai ana haifarsu ba wannan ƙofa, kuma da wuya HIV ta kama su. A 2007 likitoci a Jamus suka yi wa wani mai suna Timothy Ray Brown dashen ɓargo saboda sankarar jini, suka ɗauko ɓargon daga irin waɗannan mutane, sai ya zama mutum na farko da aka tabbatar ya rabu da HIV. Aiki ne mai hatsari ƙwarai, ana yin sa ne kawai ga mai sankarar da za ta kashe shi, waɗanda suka warke ta haka kuwa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Wannan gado kuma kusan babu shi a cikin mutanen Afirka. Kada wani ya ce shi jininsa ya fi ƙarfin cutar.

Makonnin farko da shekarun shiru

Mako 2 zuwa 4 bayan kamuwa, 'yan aike sukan tashi gaba ɗaya kamar guguwa. Mutane da yawa sukan yi zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ƙuraje da kaluluwa, su ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, bayan 'yan kwanaki ya wuce. Amma cikin waɗannan makonni ake yin babbar ɓarna. CD4 masu yawa a bangon hanji suke zaune, kuma a 2004 masana suka nuna cewa can ne cutar take fara karkashe su. A 2006 aka ƙara gano cewa bangon hanjin yakan yi rauni, guntayen ƙwayoyin da ke zaune cikin hanji su riƙa tsiyaya cikin jini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk abin da ya tsiyayo kuwa, 'yan aike sai su sake buga gangami.

Daga nan mutum yakan shiga shekarun da ba ya jin komai. A waje shiru ne, a ciki kuwa yaƙi bai tsaya ba ko dare ɗaya. An ƙiyasta a 1996 cewa jikin wanda ba ya shan magani yakan ƙera ƙwayoyin cutar wajen biliyan 10 kowace rana. Mu mutanen gefen Dajin Rugu ba ma bukatar a gaya mana abin da ke faruwa ga garin da kullum dare sai an yi kururuwa. Ko ba a rasa rai ba, mutane ba su barci, ba su noma yadda ya kamata, rumbu yana raguwa, masu ƙarfi suna gajiya. Haka jikin nan yake, ɓarnar kuwa ta hanya uku ce.

Ta farko, CD4 da aka tasa tsaye shi ne abincin cutar. HIV ta fi saurin hayayyafa cikin wanda gangami ya tayar. A 1989 aka nuna cewa TNF yana farkar da ƙwayar cutar da ke kwance cikin ƙwayoyin jini. Watau cuta tana ta da 'yan aike, 'yan aike suna ta da cuta.

Ta biyu, masu tsaro sukan gaji. Wanda ake kira kullum ba hutu, ƙarfinsa yakan ƙare. Da yawa cikin CD4 da ke mutuwa, cutar ba ta ma gama kama su ba. Sukan fashe da kansu, su zubar da intalukin na 1, wanda ke jawo wasu zuwa wurin su ma su mutu. A yawancin marasa magani akan rasa CD4 wajen 50 zuwa 100 kowace shekara.

Ta uku, gonar da ake renon sababbin masu tsaro takan lalace. Kaluluwar nan da ke fitowa a wuya, hammata ko matsematsi, can ne CD4 suke zama su sami wani ɗan aike mai rayar da su, intalukin na 7. Shekaru na kumburi sukan sa wurin ya yi tabo, ya taurare. Kowane manomi ya san fako: ko an zuba iri mai kyau, ko ruwa ya sauka, ba ya tsiro. Shi ya sa wanda ya makara fara magani, sau da yawa CD4 ɗinsa ba sa komawa yadda suke dā.

Wasu birai na dazuzzukan Saliyo, Laberiya da Kodebuwa sun ba masana hujja. Suna ɗauke da 'yar'uwar HIV da yawa cikin jininsu, amma da wuya su yi ƙanjamau. Binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa su ma jikinsu yakan buga gangami da farko, amma bayan 'yan makonni sai ya yi shiru. Na ɗan Adam ba ya yin shirun.

Ga amsar tambayarmu ta farko ke nan. Mutum biyu sukan bambanta wajen yawan ƙwayar cutar da ke cikin jininsu, da gadon da aka haife su da shi, da shekarunsu, da irin ƙwayar da suka ɗauka, gama akwai ta biyu, HIV-2, wadda aka gano a Afirka ta Yamma a 1986, mai tafiyar hawainiya. Sukan kuma bambanta wajen ƙarfin gangamin da ke tashi a jikinsu, da yawan wasu cututtukan da ke ƙara hura shi. Gado da shekaru ba a hannunmu suke ba. Yawan ƙwayar cuta da ƙarfin gangami kuwa, akwai abin yi a kansu.

Gwaji biyu da suka koya wa duniya hankali

Da aka san 'yan aike, sai likitoci suka ce: to, me zai hana a yi wa mai cutar allurar intalukin na 2, CD4 ɗinsa su yawaita? Aka gwada a kan mutum kusan 5,800 a ƙasashe da dama, shekara da shekaru. A 2009 sakamako ya fito. CD4 sun ƙaru a takardar gwaji, amma rashin lafiya da mutuwa ba su ragu ba, sai ma wahalar allurar da ta ƙaru. Mu riƙe wannan sosai ranar kasuwa, lokacin da mai lasifika yake tallar maganin ƙara garkuwar jiki. Garkuwar mai HIV ba barci take yi ba balle a tashe ta. Tashin ne ya yi mata yawa.

Gwaji na biyu kan hutun magani ne. An ɗauki mutum 5,472 a ƙasashe 33, aka raba su biyu. Kashi ɗaya suna shan magani kullum. Ɗaya kashin sukan huta idan CD4 ɗinsu sun yi sama, su koma sha idan sun sauka. A watan Janairu na 2006 aka tsai da gwajin tun lokacinsa bai yi ba, domin masu hutu sun ninka sauran fiye da sau 2 wajen kamuwa da mugun ciwo ko mutuwa. Abin mamaki, har ciwon zuciya, ƙoda da hanta sun fi yawa a cikinsu. Da aka koma aka auna jininsu da aka ajiye, rahoton 2008 ya nuna cewa da an daina magani intalukin na 6 yakan hau, kuma waɗanda nasu ya fi hawa su ne suka fi mutuwa.

A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da ƙanjamau da ganyaye, ya sa mutane suka bar maganin asibiti. Da yawa cikinsu sun mutu. Duk wanda ya ce a ajiye magani, ko mai saiwa ne ko mai addu'a, to, ba ya nufin mai cutar da alheri, ko da bai sani ba. Addu'a ba ta hana shan magani.

Abin da ke sa gangamin ya lafa

Hanya ɗaya ce aka tabbatar: a danne ƙwayar cutar da ke ta da shi. Maganin da yawancin manya suke sha yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, mai haɗe da magani uku. Gwamnatin Nijeriya ta fara shirin ba da maganin a 2002, ta mai da shi kyauta a 2006. Cikin 'yan watanni ƙwayar cutar takan ragu har na'ura ta kasa ganinta a jini, 'yan aike su lafa, ci ya dawo, nama ya dawo. Ba warkewa ba ce, domin cutar tana kwance cikin wasu ƙwayoyin jini, da an daina sai ta farka cikin makonni.

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A 2015 wani gwaji na mutum 4,685 a ƙasashe 35 ya nuna cewa fara magani nan da nan ya rage mugun ciwo da mutuwa da kashi 57 cikin 100 idan aka gwada da jira. A shekarar nan kuma gwajin da aka yi a Kodebuwa da mutum sama da 2,000 ya sami ragin kashi 44. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 a ba kowa magani da zarar an gano cutar, Nijeriya ta bi sahu a 2016. Wanda cutar ta kwanta a jininsa har ba a ganinta ba ya sa wa matarsa ko mijinta. Mai ciki da ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 sukan kamu. Da magani kuwa ba su kai 5 ba.

Ga wani abin lura. Wanda ya fara magani a makare, wani lokaci cikin makonnin farko sai zazzaɓi ya tashi, kaluluwa ta kumbura, tari ya ƙaru. Masu tsaro ne suka farfaɗo suka tarar da cutar da ta ɓuya, sau da yawa tarin fuka. Kada a ce maganin bai karɓe shi ba a daina. A koma asibiti da gaggawa.

Masu ƙara hura wutar

Ko da magani, gangamin ba ya mutuwa ɗungurungum, kowace ƙarin cuta kuma tana sake tayar da shi.

Zazzaɓin cizon sauro: binciken da aka yi a Malawi, aka buga a 2005, ya nuna cewa ga marasa maganin HIV, yawan ƙwayar cutar yakan hau lokacin zazzaɓin, ya ɗauki kamar wata 2 kafin ya sauka. Gidan sauro mai magani da saurin zuwa asibiti da damina suna da amfani biyu ke nan.

Tarin fuka: shi ne ya fi kashe masu HIV a duniya, kuma sun fi sauran mutane kamuwa da shi fiye da sau 10. Tari, zazzaɓin dare, gumi da rama, a kai majina a gwada. Maganinsa na wata 6 kyauta ne a asibitocin gwamnati, akwai kuma na rigakafi.

Tsargiya, tsutsar ciki da gudawa: suna cin jini, suna raunana hanjin da ya riga ya yi rauni. Ruwan rijiyar burtsatse ko wanda aka tafasa, masai mai murfi da wanke hannu da sabulu su ne maganin farko.

Hatsi mai funfuna: gyaɗa da masarar da aka ajiye da danshi sukan haifi wata guba mai suna afalatoksin, mai lalata hanta da raunana garkuwa. Binciken da aka yi a Kumasi ta ƙasar Gana ya sami cewa masu HIV da ke da wannan guba da yawa a jini sun fi yawan ƙwayar cutar. A shanya amfani a kan tabarma ko leda har ya bushe ƙayau, a tsince ruɓaɓɓe a zubar, kada a mai da shi ƙuliƙuli.

Yunwa: jikin da ke yaƙi kullum yana ƙona abinci da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2003 mai HIV da bai fara ciwo ba yana bukatar ƙarin kashi 10 cikin 100 na abinci, wanda ya fara ciwo kuwa kashi 20 zuwa 30. Tuwon gero ko dawa, wake, gyaɗa mai kyau, zogale, kuka, nono da ƙwai sun isa, ba sai na kanti ba.

Abin da ke katse magani a ƙasarmu

A Batsari da Safana, abin da ya fi raba mutum da maganinsa ba taurin kai ba ne. A shekarun 2019 da 2020 hare-haren 'yan bindiga sun kori jama'a da yawa daga ƙauyuka, wasu suka taru a garin Batsari, wasu suka wuce Katsina, wasu suka ƙetara Jihar Maraɗi ta Nijar. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya na 'yan watanni a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da namu biyu. Wanda ya gudu da dare ba ya tuna kwalbar magani. A farkon 2025 kuma dakatar da tallafin Amurka ya girgiza shirin ƙanjamau a ƙasashen Afirka da yawa. Sai a haɗa da kuɗin mota, da aikin damina, da ci rani, da tsoron kada a ga mutum a layin asibiti. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hutun magani ne, mun kuwa ga abin da hutu ke jawowa. Yana kuma ba cutar damar sabawa da maganin har ya daina yi mata aiki.

Aikin da ke gaban ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abubuwan da kowace ƙungiyar gama kai za ta iya yi ba tare da jiran kowa ba:

1. A ƙarfafa gwaji ga kowa: masu shirin aure, masu juna biyu da mazajensu, da masu dawowa daga ci rani. Shugabanni su fara. Ma'aikatan lafiya a babban asibitin Batsari, na Dutsin-Ma ko na Katsina za su nuna inda ake gwaji da karɓar magani.

2. A ware ɗan asusun zuwa asibiti a hannun ma'aji, na kowane ciwo mai daɗewa, ko hawan jini, ko suga, ko tari. Kada a tambayi mai karɓa sunan ciwonsa.

3. Mai shan magani ya ajiye katinsa da maganinsa wuri ɗaya da zai iya ɗauka cikin duhu. Kafin damina ko ci rani ya roƙi na watanni, da takardar da zai nuna a wani gari. Idan gudu ya raba shi da asibitinsa, ya je wanda ya fi kusa cikin kwanakin nan, ko da kwalbar da ta ƙare ce kawai a hannunsa.

4. A gaya wa likita duk wani maganin da ake sha, har na gargajiya, domin wasu suna rage ƙarfin na HIV. A kuma nemi gwajin yawan ƙwayar cuta wata 6 bayan farawa, sa'an nan kowace shekara.

5. A yi wa mara lafiya gayya a gonarsa, a ba shi iri da taki bashi kamar kowa.

6. Wanzami da mai yankan farce su yi aiki da sabuwar reza ga kowane mutum, allura kuma a bar wa asibiti.

7. A riƙe asiri. Ba a ɗaukar HIV ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko gaisawa, ko zama a tabarma ɗaya, ko cizon sauro. Dokar ƙasa ta 2014 ta haramta nuna wa mai ita bambanci a wurin aiki, makaranta ko asibiti. Sunayen ba'a irin su kabari kusa sun kori mutane da yawa daga magani, kuma ba gaskiya ba ne ga wanda ya riƙe shi.

'Yan'uwa, rashin sani ya fi dare duhu. Yanzu mun san cewa lokacin da mai HIV yake ganin lafiyarsa lau, lokacin ne gangami yake cin ƙarfinsa a ɓoye, gonar garkuwarsa tana komawa fako. Mun kuma san abin da ke kwantar da shi: a gwada da wuri, a fara da wuri, a sha kullum, a kori sauro da tari da yunwa. Muna roƙon kowane magatakarda ya karanta wannan a taro mai zuwa, maza da mata suna zaune, a kuma tsai da shawara kan asusun asibiti tun ruwa bai sauka ba.